Mata Huɗu Masu Hannu Biyu

Ni ban yi boko ba, amma na iya ƙirga mutane. Mata uku ne a gidan ɗana Leonard, can bayan layin dogo a Kafanchan: ni, da matarsa Bernice, da Faustina, matar yayansa Azariya wanda Ubangiji ya kira bara waccan. Ni aikina ci da kallo. Bernice aikinta danna waya. Saura mutum ɗaya ke nan.

Citta Bernice take sayarwa, amma ba a kasuwa ba, a cikin waya. Busasshiya da gari, a 'yan ledoji masu sitika, ana sawa a mota zuwa Abuja da Jos da Legas. Kasuwar tata ta buɗe ne tun da ta fara faɗa da wani babban kamfani, irin wanda za ka danna waya a kawo maka kaya har ƙofa. Sunansa ba ya zama a bakina. Danna-a-kawo nake ce masa.

Wata Alhamis ta miƙe a taron zumuntar mata, ta ɗaga waya sama.

"Iyaye na, 'yan'uwa na, kun san yadda kayan nan ke zuwa hannun ku? Ma'aikatan su a tsaye suke wuni. Ko fitsari mutum zai je, sai an duba masa agogo. In ka faɗi, a ja ka gefe a sa wani. Duk mai sayen kaya a wurin su, gumin talaka yake sha! Mu daina! Mu saya a hannun waɗanda muka san fuskan su!"

Majami'a ta ɗauka da amin. Matar fasto har da share ido. Wata ta ciro waya nan take ta goge kamfanin, aka yi mata tafi. Ni ma na ce amin, don gaskiya yarinyar ta faɗa. Tsayuwa ba fitsari ba abin wasa ba ne, ku tambayi mai shekaruna. Sai dai ina amin ina duban bencin da Faustina ta saba zama. Alhamis bakwai ke nan ba ta zo ba.

Muka dawo muka same ta inda muka bar ta, bayan kicin, a kan 'yar kujera. Buhun ɗanyar citta a dama, baho a hagu. Ta wanke, ta kankare, ta tsaga, ta shanya a tamfol, ta juya, ta kwashe kafin kaji su hau. Wadda ta bushe ta daka a turmi, ta tankaɗe, ta ɗura a leda. Akwai injin yanka citta a bakin kasuwa, akwai na niƙa. Bernice ta ce a'a. Sitika ta ce aikin hannu ne, ita kuma ba ta yi wa kwastoma ƙarya.

"Anti Fausti, sannu fa," in ji Bernice tana wucewa. "Yau na yi magana a kan ma'aikata, har aka yi kuka."

"Sannu, Maman Timoti," in ji Faustina. Ba ta ɗago ba.

Bayan Kirsimeti aka ɗauko ta daga Fadan Kagoma. Sati biyu aka ce, ta taimaka da wata oda ta koma. Komawar kuwa dole ce, don tana da gona. Ranar da aka gama makokin Azariya, dattawan gidanmu suka zauna a kan maganar gonarsa, tunda bai bar ɗa namiji ba. Kaleb, ɗan ƙanin mijina, yana so. A gabana suka yanke: muddin garmarta na shiga ƙasar kowace damina, gonar tata ce. In damina ta wuce garmar ba ta shiga ba, sai Kaleb ya ɗauka. Tana kuma da irin citta da ta rufe da ganye a gindin mangwaro, ɗan abin da ya tsira mata a shekarar da ciwo ya cinye cittar mutane. Shi take jiran ruwa ta shuka. Wannan gonar ce tuwonta, ita ce kuma dalilin da har yanzu ake ce mata matar gidanmu.

Sati biyun nan suka haihu, suka yi jikoki.

Wata Asabar Bernice ta fito da jaka, ta zazzage a tabarma. Ɗankwali kala-kala, zane uku, da hijabi ruwan toka sabo a ledarsa.

"Anti, yau hoto za mu yi. Ɗaura wannan."

Ta ɗaura ja. Aka ɗauke ta tana dariyar dole, fuska a waje. Wannan ita ce Faustina. Aka canza mata kore, aka ce ta juya baya ta riƙe taɓarya. Wannan Emilia. Aka sa mata mai fulawa, ta sunkuya a kan baho har fuskar ta ɓace. Joanna ke nan. Sai aka miƙo hijabi.

Faustina ta riƙe shi da 'yan yatsu biyu. "Maman Timoti, ni Kirista ne fa."

"Haba Anti, kaya ne kawai. Don zaman lafiya ne. Mutanen Abuja in suka ji Kudancin Kaduna, rikici kawai suke tunawa. Bari su ga muna aiki tare. Ke Khairat ce yanzu. Kalli bango."

Ina zaune a inuwa ina ɓare gyaɗa. Na ce, "Bernice, ashe baƙi muka yi. In ƙara tuwo?"

"Mama, ke dai ba za ki gane ba. Ƙungiya ce. Matan Hannu da Hannu. Ba wanda zai bar babban kamfani don mace ɗaya. Amma in suka ga ƙungiya, zuciyan su na taɓuwa."

"To su sauran ukun, yaushe za su karɓe ta ta huta?"

Ta yi dariya, ta ce ina da ban dariya. Na ci gaba da ɓare gyaɗata. Wannan shi ne nawa laifin, ku rubuta shi kusa da nasu. Naman kaza nake ci a gidan tun da citta ta fara tafiya Abuja, kuma haƙorana huɗu sun ji daɗinsa.

Ruwan farko ya sauka sati guda bayan Ista. Da rana tsaka ya zo, da iska. Faustina ta kwashe shanya a guje, ta tsaya a bakin kicin tana shaƙar ƙamshin ƙasa kamar akuyar da aka ɗaure kusa da ɗanyar ciyawa. Tun daga ranar ba ta ƙara zama daidai a kujera ba. Ta tsaga biyu ta dubi sama. Ta tsaga uku ta dubi ƙofa.

Da yamma ta durƙusa a bakin falo. Leonard na kallon ƙwallo.

"Baban Timoti, ruwa ya sauka. Ina so in je gida."

"Gida kuma? Nan ba gida ba ne, matar yaya?"

"Gona na nake nufi."

"Wannan ai yayyafi ne. Damina ba ta zauna ba tukuna. Wanda ya shuka yanzu, asara zai yi." Leonard da rabonsa da gona tun yana sa gajeren wando.

Bernice ta fito daga ɗaki da waya a kunne, ta rufe bakin wayar da hannu. "Anti, abeg. Wannan watan ne watan ƙaurace wa kamfanin. Kowa ya goge su, kowa na zuwa wurin mu. In muka kasa kai kaya, za su koma can, wahalan ma'aikatan nan ya ci gaba. Ke kina so haka? Bayan odan nan, da kai na zan sa ki a mota."

Faustina ba ta so wahalar ma'aikatan nan ta ci gaba. Ta koma bayan kicin.

Aka yi ruwa na biyu. Aka yi na uku, har ya cika kwalbatin layinmu. Odar nan ta tafi, ƙanwarta ta zo.

Hannun kuwa, citta ba ta da mutunci. Da farko ja ya yi. Daga baya fatar ta fara tashi kamar ta dafaffen rogo, tsakanin yatsu ya tsage. Ruwan citta ya shiga tsagar, ta ɗaga hannun sama tana fifita shi, ba ta kuka, sai dai ta ja iska ta haƙora. Ta roƙi safar hannu ta roba. Aka sayo guda, ta sa kwana biyu, wata kwastoma ta rubuto wai tana jin warin roba a shayinta. Aka cire. Garin da take tankaɗewa ya sauka a ƙirji, ta fara tari irin na tsohuwar mota. Da safe yatsun ba sa lanƙwasuwa sai ta tsoma su a ruwan ɗumi. Bernice ta kai ta kemis sau ɗaya, aka ba ta man shafawa, mai kemis ya ce ta bar taɓa citta wata guda. A hanyar dawowa aka ce mai kemis ba likita ba ne.

Ran kasuwa na hau keke napep na je wurin ƙawata Binta. Tare muka yi zaman rumfa shekara talatin, ita daddawa ni gauta. Kakanninta tun zuwan jirgin ƙasa suke garin nan. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ta ciro waya daga lalita.

"Uwar Leonard, dama ina neman ki. 'Yata ta turo mini wannan daga Abuja, wai cittar surukarki take sha yanzu, ta bar sayen ta kamfani. Wace ce wannan Khairat ɗin?"

Na duba. Hijabi ruwan toka, ana kallon bango.

"'Yar gidan wa ce? Ni fa ba gidan Musulmin da ban san cikinsa ba a Kafanchan. Na tambaya a unguwarmu, na tambaya a islamiyya. An rubuta wai mijinta ya rasu a rikici, matan coci suka riƙe ta. Wane rikicin? Wa muka binne ban je ba?"

"Duba hannun," na ce.

Ta matso da wayar kusa da ido. Ta tura hoton, ta duba na gaba. Ta sake turawa. Ɗan yatsan Faustina na hagu a karkace yake, tun wani sara da lauje ya yi mata tana amarya. Yana jikin Emilia. Yana jikin Joanna. Yana jikin Khairat.

Binta ta ajiye wayar a kan daddawa. "Innalillahi. Uwar Leonard, kina cikin gidan?"

"Ina ciki."

"Kina ci?"

"Ina ci."

Ta mayar da wayar lalita. Ta ƙulla mini daddawa kamar kullum, amma ba ta yi mini gyara ba. Shekara talatin, ranar ce farko.

Na dawo na tarar an aiko daga ƙauye. Wata maƙwabciyar Faustina ce ta kira a wayar Leonard, ta ce a gaya mata Kaleb ya share gonar ya ƙone ciyawa, yana cewa mai ita ta zama 'yar birni. Leonard ya faɗi saƙon a tsaye, da makullin mota a hannu, ya ce kada ta damu, zai kira Kaleb ya ja masa kunne. Ya fita.

Faustina ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito. Ta je ƙofar gida ta leƙa titi. Ta dawo ta ɗauki wuƙa, wuƙar ta faɗi. Ta ɗauka, ta sake faɗuwa.

Na kira ta ɗakina, na ɗebo man kaɗanya ina shafa mata a hankali.

"'Yata, ƙafarki ba a ɗaure take ba. Tasha ga ta nan. Me ya zaunar da ke?"

Ta sunkuyar da kai. Sai ga hawaye a kan man da nake shafawa.

"Mama, ba zan iya barin ki a wannan hali ba."

"Wane hali?"

"Sun ce kar in gaya maki."

"To ni na ce ki gaya mini. Wa ya girmi wani?"

"Sun ce likita ya duba zuciyan ki. Wai ba za ki kai ƙarshen damina ba. Wai in na tafi, ba mai ba ki magani a kan lokaci, su suna fita. Baban Timoti ya ce da Azariya na da rai, ba zai yarda matan shi ta bar uwan shi ta mutu a hannun baƙi ba."

Na tsaya da shafar. Ni da na tashi da malmala biyu da rana, har na suɗe kwano. Ashe duk watannin nan da take kawo mini ruwan wanka tana tambayar yaya ƙirji, take leƙo ni in na daɗe ina barcin rana, gawa take gadi. Ina ta neman igiyar da aka ɗaure yarinyar nan da ita. Ashe ni ce.

Leonard ya dawo kafin faɗuwar rana, na tare shi a gindin mota.

"Kai, yaushe zan mutu? A gaya mini in yi wanki."

Ya dubi bayan kicin, ya dube ni. "Mama, wa ya kawo wannan maganan?"

"Wanda ya kawo ta ya fi wanda ya ƙera ta."

"Ai kina da hawan jini. Ba ƙarya muka yi gaba ɗaya ba." Ya sassauta murya. "Mama, ki duba. Muna ciyar da ita. Ɗaki ita kaɗai. Ba aiki take yi ba, taimako ne, gida ɗaya muke. Ma'aikaci shi ne wanda ke yi wa baƙo. Can ƙauyen me za ta samu? Kuma jibi Juma'a akwai babban abu. Wata Madam daga Abuja, shugaban masu ƙaurace wa kamfanin, za ta yi bidiyo da mu kai tsaye, mutane da yawa na kallo. Bayan shi, ran Asabar, ni zan kai ta."

"Asabar ta nawa ke nan?"

Wayarsa ta yi ƙara, ya gode mata a zuciya.

Washegari Bernice ta shigo ɗakina da ɗankwali kore da lemun kwalba.

"Mama na, taimako ɗaya. Madam tana so ta ga matan ƙungiya. Joanna na ce ta je awo. Khairat na ce tana takaba, ba ta shiga bidiyo."

"Takabar ta daɗe."

"Mama, abeg. Saura Emilia. Ke ce Emilia, babban su. Ki gaisa kawai, ki ce kina jin daɗin aiki, Ubangiji ya albarkaci masu saye. Shi ke nan."

Na karɓi ɗankwalin, na shanye lemun. Ba a wasa da lemun kwalba.

Juma'a da hantsi aka share bayan kicin, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka jera ledoji. Aka zaunar da ni kusa da turmi. Aka zaunar da Faustina a gefena, aka ce ta sa hannu ƙarƙashin zane, wai sanyi. Bernice ta kafa waya a kan sanda, ta yi Turanci mai tsawo. Ni abin da na kama a ciki, sunan kamfani da kuma Kafanchan. A fuskar wayar wasu 'yan jajayen abubuwa na ta tashi sama, aka ce mini mutane ne ke nuna ƙauna.

Sai Madam ta juya Hausa. Ashe ta iya, irin ta Jos.

"Mama Emilia, sannu da aiki. Mu nan mun bar sayen kaya wurin masu zalunci saboda irin ku. Ki nuna mana hannun da ke yi mana wannan aikin, mu sa masa albarka."

Na ɗaga nawa, na juya su gaba da baya. Sumul, sai tamoji.

"Ga su, 'yata. Rabonsu da wuƙar citta tun kafin a haifi mai wayar nan. Kuma sunana ba Emilia ba. Jiya aka raɗa mini, da lemun kwalba."

Bernice ta yi dariya mai ƙarfi. "Mama akwai wasa!"

Na ɗage zanen Faustina, na kamo hannayenta na miƙa gaban waya. Ta so ta janye, amma ba su da ƙarfin janyewa.

"Ga ƙungiya. Na daman nan shi ne Emilia da Joanna. Na hagun shi ne Faustina da Khairat. Ku gaisa."

'Yan jajayen abubuwan suka daina tashi.

Madam ta matso har hancinta ya cika wayar. "Jesus. Mama, ita kaɗai? Tun yaushe? Tana hutawa kuwa?"

"Tun bayan Kirsimeti. Amma kada in ɗauki alhaki, fitsari ana barin ta, ba a duba agogo. A nan mun fi kamfani."

Bernice ta fisge wayar, sandar ta faɗi cikin baho.

Abin da ya biyo baya ba sai na jera muku ba. An ce na tozarta gida. An ce na kashe abincin jikokina. An ce tsufa ya taɓa mini kai. Leonard ya baro wurin aiki ya zo yana huci, ya tsaya a kaina yana tambayar me suka rage ni da shi. Na bar su suka gaji, ina ɗaure kayana a zane.

"Ina kuma za ki?"

"Fadan Kagoma. Kun ce ba zan kai ƙarshen damina ba. To ba zan mutu a gidan haya ba, kusa da mijina zan kwanta. Faustina ce mai ba ni magani a kan lokaci, dole ta bi ni. Ko likitan ya canza magana?"

Ya matsa daga bakin ƙofa.

Na aika wa Binta, ta turo ƙaninta Misbahu mai motar haya. Faustina ba ta ɗauki komai ba sai jakarta da Littafi Mai Tsarki. A mota ta zauna a bakin kujera, tana duban gonakin mutane ta taga. Duk an yi huɗa. Wasu har sun rufe da ganye. Duk gonar da muka wuce sai ta ce, "Sun shuka." Misbahu ya ƙara wuta ba tare da an ce masa ba.

Ina kallon ta ina tunanin matan nan na cikin waya. Ba mugaye ba ne. Sun ji ana zaluntar wasu a wani babban sito da ba su taɓa gani ba, zuciyarsu ta tashi, suka juya baya. Daidai ne. Amma sun ce a saya wurin wanda aka san fuskarsa, fuskar kuwa ba ita ke tsaga citta ba. Gobe za su bar Bernice su nemi wata mai sitika mai kyau. Ita ma tana da bayan kicin.

Ba mu shiga gida ba, gona muka wuce. Muka fara tsayawa a gindin mangwaro. Faustina ta ture ganyen da gwiwar hannu. Irin cittar na sama duk ya ruɓe, ya yi baƙi, yana wari. Ta ci gaba da turewa. Can ƙasa akwai wanda ya yi tsiro fari, kamar haƙoran jariri. Bai fi cikin kwando guda ba.

Kaleb na cikin gonar da garma a kafaɗa. Daga bakin hanya har wajen tsakiya, har gaba da tsakiya, kunya ce a jere, masara ta fito ta kai tsawon yatsa. Abin da ya rage sai gefen rafi, inda duwatsu suke.

"A'a! Mama, ke ce da rana haka? Sannu da zuwa." Ya dubi Faustina. "'Yan birni, an tuna da mu? Ai na gan ki a waya. Ku huɗu. Ina sauran? Da kin zo da su, da kun gama nan kafin yamma."

"Kaleb, gona na ne," in ji Faustina.

"Da. Dattawa suka faɗa, ba ni ba. Ruwa shida aka yi, na ƙirga. Na jira. Na aika. Ƙasa ba ya jiran hoto."

"Damina ba ta wuce ba."

"To ga wuri can. Shiga."

Ta je bukka ta jawo garmarta, gadon Azariya, da hannu biyu, tana jan ta a ƙasa. Ta tsaya a gefen rafi, ta ɗaga. Garmar ta kai gwiwa, ta suɓuce. Ta sunkuya ta sake kamawa. Yatsun suka ƙi rufuwa a kan ƙotar. Ta matse ta da wuyan hannu, ta ɗaga, ta faɗo mata a kan ƙafa. Tsagar tafinta ta buɗe, jini ya biyo ƙotar.

Kaleb bai yi dariya ba, in ba shi haƙƙinsa. Ya kawar da kai ya ce, "Kin gani, Mama. Ba mugunta ba ne. Ba za ta iya ba. Gobe zan haɗa da nan ɗin."

Na kwance mayafina na ɗaure ƙugu. Na taka na ɗauki garmar. Ta yi nauyi fiye da yadda na bar ta.

"Ranar da dattawa suka zauna, kana wurin?"

"Ina wurin."

"Me suka ce zai shiga ƙasa?"

"Garman ta."

"Sun ce hannunta?"

Ya sauya wa garmarsa kafaɗa.

"Wannan garmar wa ce?"

"Haba Mama. Shekarun ki nawa? Za ki mutu a nan."

"An riga ka faɗa, a Kafanchan. In na faɗi, ka haƙa a nan inda na faɗi, kada ka kai ni ko'ina. Sai in ga wanda zai shuka masara a kaina."

Na ɗaga, na sara. Ƙasar ta jiƙa, ta karɓa. Bayana ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Na sake sarawa. Kunyar farko ta fito a karkace kamar tafiyar maye, sai da na huta sau biyar kafin in kai dutsen farko.

Kaleb ya daɗe a tsaye. Can ya ɗebo duwatsu uku, ya jera su a inda masararsa ta tsaya, ya saɓa garmarsa ya hau hanya. Ɓangaren da ya shuka ya tafi ke nan, mu duka mun sani.

Faustina ta jawo kwandon da ƙafa. Ta durƙusa, ta ɗauki iri guda tsakanin wuyan hannayenta biyu, ta sa a rami, ta tura ƙasa da gwiwa.

"Mama, ki zauna haka. Ya isa."

"Matsa gaba," na ce. "Hadari na haɗuwa."